Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: Naƙasa, Motsa Jiki Da Cututtukan Da Ke Biyo Baya

A watan Satumban 2024, a birnin Paris, Folashade Oluwafemiayo ta kwanta rigingine a kan benci, ta sauko da ƙarfe mai nauyin kilo 167 har ƙirjinta, sannan ta tura shi sama. Nauyin ya zarce buhun siminti uku. Da wannan ta kafa sabon tarihi a duniya, ta kuma ɗauki lambar zinare a gasar masu naƙasa ta Paralamfik. Tawagar Najeriya ta dawo daga gasar da lambobi 7, makonni kaɗan bayan tawagar Olamfik ta dawo daga wannan birni hannu rabbana. Ba a ranar aka fara ba. A Landan a 2012 masu naƙasa sun kawo lambobi 13, 'yan Olamfik ba su samo ko ɗaya ba. A Riyo a 2016 sun kawo 12, takwas daga ciki na zinare, 'yan Olamfik kuwa tagulla ɗaya ta ƙwallon ƙafa suka tsira da ita.

Abin alfahari ne, amma waɗannan zakaru 'yan ƙalilan ne. A bayansu akwai ɗimbin jama'a da ba a nuna su a talabijin: saurayin da haɗarin babur ya taɓa masa laka, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, budurwar da shan inna ta kama tun tana goye, makahon da ba ya fita sai an sami ɗan jagora. Yawancinsu kwana suke yi, su wuni, a wuri guda. Wannan zaman kuwa, sau da yawa, ya fi naƙasar da kanta saurin kai mutum kabari.

A rahoton da ta fitar a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tasiri, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, kusan mutum ɗaya cikin kowane shida. Hukumar ta ce wasunsu kan rasu da wuri, da tazarar da kan kai shekara 20 tsakaninsu da sauran jama'a, kuma haɗarin kamuwarsu da ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, asma, ƙiba mai yawa da ciwon damuwa ya ninka na wasu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da rashin ƙafa ko rashin gani ke haifarwa kai tsaye. Bayan naƙasar suke shigowa, ta hanyoyin da za a iya toshewa.

Abin da zama ke yi wa jiki

Tsoka ce ke cinye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, kuma manyan tsokoki suna cinya da ɗuwawu. Idan ƙafafu suka daina aiki, ko aka daina sa su aiki, waɗannan tsokoki kan motse. Kwanon tuwon bai ragu ba, amma abin da ke ƙona shi ya ragu. Sai sukari ya riƙa daɗewa a jini, kitse ya taru a ciki, jijiyoyin jini su fara tauri. Ta nan suga da hawan jini ke samun shiga.

Ga mai keken guragu ko mai sanda, ƙiba tana da ƙarin illa. Kafaɗa ba a halicce ta don ɗaukar gangar jiki ba, amma ita ce ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, sau da dama kowace rana. Duk kilo guda da ya ƙaru, kafaɗa da wuyan hannu ne za su biya. Ciwon kafaɗa ya sa ya rage fita, rage fita ya ƙara masa nauyi, nauyin ya ƙara wa kafaɗar ciwo. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi shi ma laushi yake yi, har ɗan zamewa kaɗan ya zama karaya. Gaɓar da ba a miƙewa takan ƙage a lanƙwashe. Hanji ya yi sanyi, bayan gida ya yi tauri. Jini kuma na iya daskarewa a jijiyar ƙafa.

Sai gyambon zama, wanda ya kamata kowane mai jinya ya san kamanninsa. Mai cikakken ji a jikinsa, idan ya daɗe a zaune, yakan muskuta bai ma sani ba. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin wannan gargaɗin. Ƙashin ɗuwawu ya danne nama a kan katako ko siminti, jini ya daina ratsa wurin. Da farko abin da za a gani bai taka kara ya karya ba: ɗan wuri ya yi duhu fiye da sauran fata, ko ya yi sheƙi, in an taɓa a ji ɗumi ko tauri. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, shi ya sa ake yawan makara. Alhali ɓarnar tana iya farawa daga can ciki, kusa da ƙashi. Kafin a farga fata ta buɗe, rami ya bayyana, ya fara ruwa da wari. Warkar da shi na iya cin watanni, in kuma ƙwayoyin cuta suka shiga jini, rai na iya salwanta.

Wannan ne halin da Ludwig Guttmann, likitan jijiyoyi Bayahude da ya tsere daga Jamus, ya tarar lokacin da aka ba shi sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila a 1944. A zamanin, yawancin sojojin da laka ta tsinke musu ba sa daɗewa, gyambo da ciwon ƙoda ke kashe su. Ya sa a riƙa juya majiyyata duk bayan sa'o'i biyu, dare da rana, ya kuma mayar da wasanni wani ɓangare na magani. Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan kekuna. Daga nan gasar Paralamfik ta samo asali, aka yi ta farko a Rum a 1960. Wato tun farko don ceton rai aka ƙirƙiro abin, lambobin daga baya suka zo.

Tausayin da ke zaunar da mutum

A gidajenmu ba ƙiyayya ce ke hana mai naƙasa motsi ba. “Baba, zauna ka huta, bari a kawo maka.” “Inna, kada ki tashi, yanzu sai ki faɗi.” Da zuciya ɗaya ake faɗa, ana neman lada. Amma dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, watannin farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyin sarrafa hannu da ƙafa, kuma da maimaita aiki take koya. Duk lokacin da aka karɓe masa cokali don a taimaka, an rage masa darasi guda. Ya fi masa alheri ya ɓata minti goma yana ɓalla maɓallin rigarsa da kansa a kan a ɓalla masa cikin ƙiftawar ido.

'Ya mace ta fi shan wannan ɗaurin. Yaro gurgu yakan ja jiki ya fita dandali ko da an hana shi. Yarinya kuwa ana tsare ta a ɗaki saboda kunya da tsoron 'yan iska, a cire mata shara da daka da wanke-wanke, ayyukan da ke motsa jikin 'yan'uwanta mata. Ta girma ba makaranta, ba aiki, ba ƙawaye.

Wanda ya ƙetare ƙofar gida kuma sai ya haɗu da gari. Lambatu a buɗe, rairayi mai cinye taya, gefen titi 'yan kasuwa sun mamaye, adaidaita sahu ba wurin sa keke, ofis da banki da masallaci da asibiti duk matakala. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, yarjejeniyar da ta ambaci haƙƙin kiwon lafiya da na shiga wasanni. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk mai yawo a garuruwanmu ya san matakalar da aka rushe aka yi gangara ba ta kai wadda aka bari ba.

Halayen da ke da dalili

Idan ana maganar halaye masu jefa lafiya cikin haɗari, akan yi saurin ɗora wa mutum laifi. Gara a fara tambayar abin da ya kai shi.

Ɗauki ƙin shan ruwa. Mai keken da zai wuni a kasuwa ko ofis ya san babu banɗakin da zai iya shiga, don haka sai ya ƙi sha tun safe, ko da a tsakiyar bazara ne. Fitsari ya yi kauri, ya daɗe a mafitsara, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, wani lokaci su haura zuwa ƙoda. Ga mai amfani da robar fitsari haɗarin ya fi yawa. Wa'azi ba zai gyara wannan ba, banɗaki mai faɗin ƙofa da abin dafawa ne zai gyara.

Sai maganin ciwo. Mai jan jiki da hannu ko mai dogara sanda, ciwon kafaɗa da baya abokin zamansa ne. Asibiti da nisa, ga layi, ga kuɗin mota, kemis kuwa yana bakin layi. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana sha ba bisa umarnin likita ba, suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Tramadol ya fi muni, domin jiki na sabawa da shi har ya zama ba a iya wuni sai da shi, kuma yana iya tayar da farfaɗiya, musamman in an sha da yawa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka yi amfani da magunguna irin su tramadol ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda. A kasuwar da ƙwaya ta wadata haka, mai ciwon da ba ya wucewa yana bakin rami.

Taba da shisha ma suna da nasu ƙarin sharri a nan. Hayaƙi yana matse ƙananan jijiyoyin jini, ya rage iskar da ke isa fata, don haka gyambon mai shan taba ya fi jinkirin warkewa. Wanda raunin lakarsa ya kai ƙirji ko wuya ba shi da ƙarfin yin tari sosai, majina kan zauna masa a huhu, taba kuma tana ƙara ta. A wajen abinci, abin da ya fi araha da saurin samu shi ne ya fi cutarwa ga wanda ba ya ƙona shi: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na suga, soye-soye, miya mai yawan gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin magi.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai kaɗaici. Mutumin da ya wuni shi kaɗai, ba sana'a, ba majalisa, shi ne ya fi neman abin da zai ɗauke masa hankali. Kuma saƙon wayar da kai ba ya isa gare shi daidai. Rediyo ba ta amfanar kurma, takardar da aka manna a bango ba ta amfanar makaho, asibitoci da yawa kuma ba su da mai fassara maganar hannu.

Nawa ne ya isa?

A 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara sanya masu naƙasa a ƙa'idojinta na motsa jiki. Ga babba, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ga yara, kimanin minti 60 a rana. Ta kuma jaddada cewa kaɗan ya fi babu, a fara da abin da aka iya a riƙa ƙarawa a hankali. Ga masu raunin laka, ƙa'idar da masana suka fitar a 2018 ta nuna cewa ko minti 20 sau biyu a mako, haɗe da atisayen tsoka, yana ƙara ƙarfi, minti 30 sau uku a mako kuma yana amfanar zuciya da jini.

Gane matsakaicin motsi ba ya buƙatar na'ura: numfashi ya ɗan hau, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Minti 150 kuwa rabin sa'a ne sau biyar a mako, ana iya raba shi minti goma-goma.

Ba sai an je gidan motsa jiki ba. Mai keken hannu ya zagaya filin makarantar firamare da sanyin safiya. A yanka tsohon tif ɗin babur a ɗaure a ƙarfen taga, ya zama abin ja, kuma ja zuwa baya shi ne ya fi muhimmanci ga mai tura keke, domin turawa tsokar ƙirji take ƙarfafawa ta bar ta baya da rauni. Gorar ruwa cike da rairayi ta isa abin ɗagawa. Dattijo ya riƙa tashi daga kujera yana komawa sau da dama, yana dafa bango. Makaho ya yi tafiya da sauri riƙe da gwiwar hannun jikansa, ko a ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu ya riƙa bi. Wadda ke cikin gida tana da wanki, shara daga zaune, tankaɗe da tuƙin tuwo. Wanda ba ya iya motsa gaɓa da kansa, a riƙa miƙe masa ita ana lanƙwasawa a hankali kowace rana. Mai zama a keke ya ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30, wanda ke kwance a juya shi duk bayan sa'o'i biyu, a kuma duba fata safe da yamma, ko da madubi ne.

Akwai wuraren taka tsantsan. Mai raunin laka ba ya yin gumi yadda ya kamata a ƙasa da wurin raunin, zafi kan yi masa illa da wuri, don haka ya guji tsakar rana, ya riƙa jiƙa jiki. Idan raunin daga tsakiyar ƙirji ne zuwa sama, kuma kwatsam kai ya sara masa da ƙarfi, fuska ta yi gumi, jininsa ne ya hau: a zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe, a garzaya asibiti. Mai suga da wanda kuturta ta kashe wa ji a hannu da ƙafa su duba tafinsu bayan kowace tafiya. Zabiya ya zaɓi safiya ko yamma, ya rufe jiki. Mai farfaɗiya yana iya motsa jiki, amma kada ya shiga kogi ko kududdufi shi kaɗai. Ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi kuwa alama ce ta a tsaya nan take.

'Yan shan inna da shekarun da ke tafe

Arewa tana da wani lissafi na musamman. Bayan dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, cutar ta sake bazuwa, har aka sami yara sama da 1,000 da ta kama a Najeriya a 2006 kaɗai. An ga ƙwayar cutar ta asali a karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Amma yaran da ta taɓa a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata.

Likitoci sun san wata lalura da kan dawo wa waɗanda suka yi shan inna bayan shekara 15 zuwa 40: sabon rauni a tsoka, gajiya mai tsanani, ciwon gaɓoɓi. Takan sami kimanin mutum 25 zuwa 40 cikin 100. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, jijiyoyin da suka tsira sun ɗauki aikin waɗanda suka mutu, shekara da shekaru, har suka gaji. Ga waɗannan, a matsa wa jiki har ya galabaita kuskure ne. Ƙa'idarsu ita ce motsi kaɗan-kaɗan da hutu a tsakani, kuma in ciwo ko gajiya suka kai gobe, an wuce gona da iri. Nan ne masu gashin ƙashi ke da muhimmanci, a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala da sassan gashi na manyan asibitoci, domin su ne za su tantance tsokar da za a ƙarfafa da wadda za a lallaɓa.

Su kansu waɗanda shan inna ta taɓa ba su jira an kawo musu mafita ba. A ƙarshen shekarun 1980, Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a Legas, wasan da ya sami gindin zama a Kano da sauran garuruwan Arewa. Ɗan wasa yana zaune a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi, ƙafafu a naɗe, silifas a tafin hannu. Da hannun yake tunkuɗa ƙasa ya sheƙa a guje, da shi yake juyawa, da shi yake dukan ƙwallo. Ƙarar tayoyi a kan siminti, karo, faɗuwa, tashi, ihun 'yan kallo: wanda ya tsaya ya gani ba zai sake cewa waɗannan mutane hutu suke buƙata ba. Abin hawan da aka saba gani a mahaɗar titi wajen bara, shi ne ya zama kayan wasa. Ribar ba ta tsaya ga zuciya da huhu ba. Ɗan wasa yana da lokacin atisaye, yana da koci da abokan da za su neme shi in bai zo ba.

Wannan tsari shi ne abin da ya kamata a yaɗa, kuma tubalinsa yana nan. Garuruwan Hausa da dama suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ga ƙungiyoyin masu naƙasa da ke taro a kai a kai. Ma'aikacin lafiya guda da abin awon jini da na suga zai iya duba mutane da yawa a zama ɗaya a irin wannan taro, maimakon jiran su hau matakalar asibiti. Ƙaramar hukuma na iya buɗe filin makaranta da yamma, ta shafe wani ɓangare da siminti, ta gyara banɗaki guda. Malamin motsa jiki ya daina ce wa ɗalibi mai sanda ya zauna ya tsare jakunkuna. Likita kuma, in mai keke ya shigo, ya auna masa jini, ya tambaye shi taba da ƙwaya da abinci kamar kowa, kada idonsa ya tsaya a kan ƙafar. A gida, kafin a ce “bari a yi maka,” a fara tambaya ko zai iya, in ya ce zai gwada a ba shi lokaci.